Masana'antun mota na Highland Park da Lingotto, wanne ya fi tsari?

Masana'antar Ford ta Highland Park a Amurka an buɗe ta 1910, Albert Kahn ne ya zana ta, bene hawa huɗu da tagogin gilashi ta ko'ina saboda haske. Sassan mota daga sama suke gangarowa ƙasa, nauyinsu na taya aikin, sai a 1913 suka kawo layin haɗa mota mai tafiya, ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya mota ce ke zuwa ta same shi, aikin da ke cin awa 12 ya dawo kamar awa ɗaya da rabi.

Ita kuwa Lingotto ta Fiat a Turin, Italiya, 1923, sai suka juya abin. Kaya su shiga ta ƙasa, mota tana hawa bene bayan bene har hawa biyar, in ta kammala a gwada ta a kan rufin ginin, eh titin gwaji ne sukutum a saman rufi! Burgewa kam Lingotto ta fi wallahi, amma hawa da mota sama wahala ce da kashe kuɗi. Ni dai tsarin Ford na zaɓa, kodayake shi ma daga baya ya koma gini shimfiɗaɗɗe a masana'antarsa ta River Rouge.