Daga Sharja: Batun Tsohuwar Buffalo da Kayan da Za a Ɗora Mata

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu na Birnin Kabi, Argungu, Suru da Bagudo. Mu ne 'ya'yanku kanikawa da masu sayar da kayan mota da ke Sharja, a Daular Larabawa. Saƙonku ya yawaita a kan magana guda: a nemo muku tsohuwar Land Cruiser akori-kura, mai ƙarfen da, wadda za ta shiga fadama da damina ta fito da shinkafa. Shawararmu ita ce, motar ku neme ta a gida, kayan gyaranta kuma ku bar mu mu aiko daga nan.

Wannan mota da muke ce wa Buffalo, Larabawa Shas suke kiranta. Toyota ta fara jerin Land Cruiser 70 a 1984, har gobe kuma ana ƙera shi. Biyu ne suka shafe ku: 75, mai sifirin na falle-falle gaba da baya da noti shida a kowace ƙafa, da 79 da ta gaje ta a 1999, mai naɗaɗɗen sifirin a gaba da noti biyar. Ku riƙe wannan bambancin, domin wilin ɗaya ba ya shiga ɗaya.

A kasuwar Haraj ta Sharja da ta Awir a Dubai akwai su jere, sitiyarinsu a hagu kamar namu. Amma galibinsu masu fetur ne, injin 1FZ mai lita 4.5 ko V6 mai lita 4, kuma da yawa samari sun wahalar da su a tudun yashi. Mai tsafta kuwa ta zama kayan marmari, masu tara tsofaffin motoci na rububinta, musamman da yake Amurka na barin a shigar da duk motar da ta cika shekara 25. Ga kuma doka. Kwastam na da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita Najeriya, mota ƙirar 1995, misali, ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, don haka wanda ya ce zai biyo muku da ita ta Kamba, ku tambaye shi takardun da zai ba ku. Na Japan da Ostireliya sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Juya sitiyari a gareji yana barin waya a birkice da walda a inda bai kamata ba.

A gida akwai waɗanda ƙungiyoyin agaji da kamfanonin hanya suka yi gwanjonsu. Ku nemi mai injin gas 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, doki kusan 130, ba turbo, ba kwamfuta. Ba ta da gudu, amma duk mai gyaran famfon gas ya san cikinta.

Nan Sharja ba a biyan kuɗin mota sai an ɗaga ta sama an duba, kuma duk wadda ta wuce shekara uku sai ta ci gwaji kowace shekara kafin a sabunta mata rajista. Wannan ɗabi'ar muke so ku ɗauka, ko da a ramin wankin mota ne. A fara da shasi: a ƙwanƙwasa da guduma a bayan kan mota da wajen maƙalin sifirin, nan yake tsagewa idan an saba yi mata lodin wuce kima. Sabon baƙin fenti a wuri guda alama ce ta ɓoyayyar walda. A tayar da injin da sassafe yana sanyi. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa yana nuna matsalar nozul, ko kan injin ya tsage. A cire murfin zuba baƙin mai a aza shi a bakin ramin yayin da injin ke aiki: idan iska ta yi ta wurgi da shi, ringi ya ci. Wanda ya samu ma'aunin matsin silinda, lafiyayyen 1HZ yana ba da wajen kilo 37 a kan murabba'in santimita, ƙasa da 27 kuwa sai buɗe inji. Sannan a leƙa bayan ƙafafun gaba, inda ƙwallon aksul yake. In an ga baƙin kunu yana zuba yana kama ƙura, oyilsil na ciki ya mutu, man aksul ya gauraye da giris.

Abin da nan ya fi gida shi ne kaya. Ka ba mai shago lambar shasi, ya buga a kwamfuta, ya miƙo maka ainihin abin, ba "mu gwada mu gani" ba. A unguwannin masana'antu na Sharja kuma akwai injuna da giyabos na hannu da aka yanko daga Japan, irin waɗanda ake ce wa Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano. Jabu ma akwai, cikin kwali mai kyau. Shi ya sa muke bin sunan masu yi wa Toyota kayan: Aisin a famfon ruwa da kulochi, Koyo a boris, Denso a nozul. Abin da gida ya fi nan kuwa shi ne hannu. Kuɗin aiki a nan yana da tsada, kuma ba su cika gyara ba, sauyawa suke yi. Mai waldar da zai gina maka akori da maƙerin da zai buga sifirin ya dawo da lanƙwasarsa, a gida suke.

Kafin a ɗora mata ko fitila ɗaya, a sauya bel ɗin tayimin da abin ɗaure shi. Kilomita 100,000 ne wa'adinsa a tsofaffin, in ya tsinke fistin na dukan bawul. A sa sabon lagireto da tiyoyinsa, kuma don Allah a daina cire tamostat, shi ke tilasta ruwa bi ta lagireto. Baƙin mai 15W-40 kusan lita 10, juye duk kilomita 5,000. Sai kayan ƙwallon aksul na gaba, da birki.

Daga nan sai ƙari, kuma na farko shi ne filtar gas ta biyu mai raba ruwa, kafin ta asali. Gas ɗin jarka yana zuwa da ruwa da datti, su ke cinye famfo. Na biyu, tiyon numfashin aksul da giyabos a ja shi sama har cikin bonet. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan fadama yana zuƙo ruwa, man ya koma kamar madara, boris ya tafi. Tiyo ne na 'yan mitoci kawai. Bututun shaƙar iska na gefen gilas, irin na kamfanin Safari, yana amfani a ruwa da ƙurar hunturu, muddin an toshe mahaɗansa da kyau.

Taya 7.50R16 ko 235/85R16 ta isa. Manyan tayoyin da ake gani a hotuna suna kashe ƙarfin 1HZ suna karya aksul. A yashin Kangiwa da Dandi a sauke iskar taya zuwa 18 a ma'aunin iska, a mayar da ita da an hau kwalta, don haka famfon iska mai aiki da batir ya zama dole. Ɗagawa kar ta wuce inci biyu, da sifirin da shokazoba irin Old Man Emu da aka zaɓa daidai da lodi. Lodin nata wajen tan ɗaya ne, buhu goma masu kilo 100, kuma sabon sifirin ba ya ƙara wa shasi ƙarfi. A 79 mai gas kar a ja kaya a giya ta biyar, giyabos ɗinta bai kai na 75 juriya ba. Turbo kuwa ba mu ba da shawara: ba a gina fistin na 1HZ don wannan zafin ba.

Batun fenti: doka ta hana farar hula koren soja, kuma yadda hanyoyin Zuru da Zamfara suke a yanzu, motar da ta yi kama da ta jami'an tsaro hatsari ce ga na cikinta. A bar ta fara, gilas garau, takardu a gaban mota. Mai son kaya ya turo hoton farantin da ke cikin bonet, mai lambar shasi da ta giya da ta aksul, da shi za mu haɗa oda.