Tawadar Allah ta fara sauya kama: wurin wa za a kai ta?

Yawancin tawadar Allah ba ta da wata illa, da ita ake tsufa. Wadda ke buƙatar likita ita ce wadda ta sauya cikin makonni ko watanni: ta ƙara faɗi har ta wuce milimita 6, wato kan magogin fensir, ko gefenta ya zama karkatacce, ko launi biyu ko uku suka haɗu a cikinta, ko tana ƙaiƙayi, tana jini, ta zama gyambon da ya ƙi warkewa. Abin da ake tsoro shi ne sankarar fata da likitoci ke kira melanoma. A baƙar fata ta fi fitowa inda ido bai cika kaiwa ba: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Shi ya sa ake ɗaukarta kanta, ko tabon ƙaya, ko ɗankarkare. Mawaƙin Jamaika Bob Marley daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa tasa ta fara, ta kashe shi a 1981.

Kemis shi ne mafi kusa kuma mafi sauƙin kuɗi, amma abin da zai bayar man shafawa ne na ƙaiƙayi ko na makero. Man kan kwantar da ƙaiƙayin, mutum ya saki jiki, ciwon kuwa yana ci gaba da nitsewa.

Wanzami da aska, sakiya, toka ko kanwa, da masu ƙona tabo da na'ura a shagunan gyaran fata, duk matsalarsu ɗaya, kuma ita ce mafi muni a zaɓin nan. Sun cire saman, sun bar saiwar, sannan sun lalata naman da za a auna. Girman haɗarin melanoma da zurfinta ake gane shi, ana auna shi da milimita. Wadda ba ta kai milimita 1 ba galibi tiyata kaɗai ke gamawa da ita. Wadda ta wuce milimita 4 kuwa tana iya riga ta kai kaluluwar matsematsi ko ta hammata. In an ƙone tabon, wannan awon ya tafi ke nan, likitan da zai zo daga baya lalube zai yi.

Manhajar waya mai duba hoto kada a dogara da ita, domin yawancinsu da hotunan farar fata aka horar da su. Amfanin waya ɗaya ne: a ɗauki hoton tabon da rula a gefensa, cikin hasken rana, a rubuta kwanan wata, don likita ya ga yadda ya sauya.

Likitan babban asibiti shi ne matakin farko ga mafi yawan mutane. Abin da za a nema a wurinsa takardar turawa ce zuwa likitan fata ko likitan tiyata. In ya ce zai yanke a nan take, a tambaye shi kai tsaye: "Likita, za a kai naman ɗakin gwaji?" In amsar a'a ce, a dakata.

Likitan fata ya fi tsada, layinsa ya fi tsawo, kuma a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsa, kamar na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, ko babban asibitin ƙasa na Yamai. Yana da madubi mai fitila da ke ƙara girman tabo kamar sau 10, ya ga tsarin launin da ido ba ya gani. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, ya ce ba komai.

In ya yi shakka, sai ɗaukar nama, kuma nan ma akwai zaɓi. Mafi inganci a yi allurar kashe zafi a yanke tabon gaba ɗaya, da kamar milimita 2 na lafiyayyar fata a kewaye, a ɗinke. Ɗibar ɗan yanki da ƙaramin bututu mai kaifi ta dace ne in tabon babba ne ko yana wuri mai wuya, kamar tafin ƙafa, sai dai tana iya kuskure inda ciwon ya fi zurfi. Kankare sama-sama kuwa kan yanke tabon a tsakiya, awon zurfi ya ɓaci. Naman a ruwan fomalin, maganin da ke hana nama ruɓewa, ake saka shi nan take, ba a ruwan gishiri ko busasshiyar kwalba ba. A tambayi kuɗin yankan da na gwajin daban-daban, da ranar karɓar sakamako, wanda kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. A koma a karɓa ko da ɗinkin ya warke sumul. Nan ne da yawa ke sakaci.

Zabiya kuwa kada ya jira sai tabo ya sauya. Duk wani ɓawo ko gyambo a fuska, kunne, wuya ko leɓe da ya wuce wata guda bai warke ba, likitan fata kai tsaye, kuma a riƙa zuwa duba fata a kai a kai, aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara.