Garin kaurara ruwa bayan dashen huhu ko zuciya: na sitaci ko na zantan?

Da aka cire wa ƙanena bututun numfashi bayan dashen huhu, muryarsa ta dushe, ruwa kuma ya zama abin tsoro. Jijiyar da ke motsa maƙogwaro ta ɓangaren hagu tana zagayawa ne ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin zuciya, daidai inda ake aikin, shi ya sa take taɓuwa. Sabon huhu kuma ba ya jin abin da ya faɗa masa yadda ya kamata, sai mutum ya ƙware ba tari, ga magungunan dashe sun rage garkuwar jiki. Bayan an leƙa maƙogwaronsa da kyamara ta hanci, aka ce a riƙa kaurara masa abin sha.

Na sitaci na fara saya saboda araha, kuma shi ya ƙona ni. Yana ta ƙara kauri a kofi, amma da yawu ya taɓa shi sai ya tsinke, don yawu na narkar da sitaci. Kurɓa uku, kofin ya koma ruwa tsululu. Wanda aka dama a kwalba kuwa, tsada kawai.

Na zantan (xanthan, wani sinadari mai danƙo da ake sa wa abinci) nake so. Yawu ba ya tsinka shi, ruwa ba ya komawa fari, kuma kaurin da ka dama shi za ka tarar bayan awa guda. Garin ake fara zubawa a busasshen kofi, sannan ruwa, a juya da sauri, in ba haka ba gudaji. Ina gwada kaurin da sirinjin mililita 10: in toshe bakinsa da yatsa, in cika, in ɗauke yatsa ruwan ya zuba na sakan 10. A ma'aunin IDDSI, wato ma'aunin duniya na kaurin abin sha ga masu matsalar haɗiya, in mililita 4 zuwa 8 suka rage a sirinjin, mataki na 2 ke nan, wato ɗan kauri.

Amma ku yi hattara da 'yan damfarar intanet. Gari a leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba jadawalin cokali, kada ku taɓa. Mafi muni su ne masu haɗa shi da ganyayyaki wai "maganin dawo da murya". Mai shan takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin karɓar dashe, ko lemon garehul an hana shi, don yana ɗaga maganin a jini, balle ganyen da ba a san asalinsa ba. Wata ta aiko min da hoton irin wannan ƙullin har sau uku, sai da na toshe lambarta.