Gargaɗi: a yi hattara da masu sayar da Chevelle ta 1970 da sunan LS6

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne ga duk mai sha'awar tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji, musamman 'yan'uwanmu mazauna can da masu sayen mota ta intanet. An turo mini tallan wata Chevrolet Chevelle ta 1970 ana neman shawarata, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali, domin ba mutum ɗaya ke wannan aika-aikar ba. Mai tallan ya ce motar SS 454 ce mai injin LS6, injin da ta fito da shi daga kamfani, an yi masa garambawul. Ga jan fenti yana ƙyalli, ga baƙaƙen layuka biyu a kan bonet, kuɗinta kuma bai kai rabin abin da irinta ke yi ba. Hotuna birjik, amma babu ko ɗaya na wurin da ya kamata a nuna.

A 1970 ne General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, ya janye dokar da ya kafa wa kansa ta hana sa injin da ya wuce kusan lita 6.6 a matsakaitan motocinsa. Nan take Chevelle ta sami injin 454, wato lita 7.4, iri biyu: LS5 mai ƙarfin doki 360, da LS6 mai ƙarfin doki 450. LS6 guda 4,475 kacal aka yi a shekarar, har da waɗanda aka sa wa El Camino, motar Chevrolet mai buɗaɗɗen baya. Yau wadda takardunta suka tabbata tana haura dala 100,000 a manyan gwanjo irin na Mecum da Barrett-Jackson. Ita kuwa Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, wadda bodinsu ɗaya sak, an ƙera ta da yawan gaske, kuɗinta bai ko kama ƙafar wannan ba. Wannan tazarar ce abincin ɗan damfara.

Abin da ya ba su ƙofa shi ne lambar shasi. Daga 1966 zuwa 1968, Chevelle SS 396, wato samfurin mai ƙaton inji, tana da lambarta daban wadda ke farawa da 138, kowa ya duba ya san abin da ke gabansa. A 1970 kuwa SS ƙarin kaya ce da mai saye ke zaɓa a kan Malibu. Saboda haka Malibu mai ƙofa biyu da ƙaramin injin V8, da LS6 ta gaske, idan duka masu rufaffen sama ne, da 13637 lambarsu ke farawa. Sai a 1972 Chevrolet ya fara sa harafin inji a cikin lambar. Mai sayen Pontiac GTO yana iya neman kwafin takardar kamfani daga PHS, masu adana kundin motocin Pontiac, mai sayen Mustang ta 1967 zuwa sama yana da rahoton Marti, mai nuna yadda motar ta fito daga kamfani, a Dodge da Plymouth na 1970 harafi na biyar a lambar shasi yana faɗin inji, R na nufin Hemi 426. Mai sayen Chevelle ba shi da wannan gatan, sai fa idan a Kanada aka haɗa motar ko aka sayar da ita, domin reshen kamfanin na can ya adana kundinsa. Kuma a sani, Carfax, kamfanin da ke bayar da rahoton tarihin mota, yana aiki ne da lamba mai gurbi 17 wadda aka fara a 1981, ta Chevelle ta 1970 gurbi 13 ce. Duk wanda ya turo maka rahoton Carfax na wannan motar, shi ya haɗa abinsa.

Sauran aikin ba wuya. Tambarin SS, bonet mai tudu, baƙin giril, dashbod mai zagayayyun agogo, tayoyi, duk ana ƙera sababbi ana sayarwa a fili. Ni ban ga laifin mutumin da ya sayi Malibu, ya zuba mata 454, ya yi mata kwalliyar SS, ya ce wa mai saye kwaikwayo ce ba. Mota ce mai daɗin tuƙi, kuma an sayar da ita da sunanta. Zalunci yana farawa ne ranar da aka ɗauki guduma da ƙarafan buga lamba.

Ga wurin da tallan ya ƙi nunawa. Idan ka buɗe bonet, a gaban bulok ta ɓangaren fasinja, dab da tof silinda, akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen wuri. A nan masana'antar injuna ta Tonawanda da ke jihar New York take buga harafin T, sai wata da ranar da aka haɗa injin, sai haruffa uku. A LS6 za ka tarar da CRV a mai giyar hannu, CRR a mai giyar otomatik. Galibi kusa da su masana'antar da ta haɗa motar take buga guntun lambar shasi, wanda lambobinsa shida na ƙarshe dole su yi daidai da na jikin motar. Ka goge wurin, ka haska tocila a karkace, ba daga sama ba. A bulok ɗin da ba a taɓa ba za ka ga siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, kamar shatin tsintsiya a kan rairayi, sawun na'urar kamfani ke nan. Idan an kai bulok wajen masu injin sassaƙa ƙarfe suka aske samansa don ya daidaita, lambobin da layukan duk suna tafiya, wurin ya koma sumul ko ya fito da sawu mai lanƙwasa. Bakanike mai amana yakan roƙi a bar masa wannan wurin kada a taɓa. Ɗan damfara kuwa askewar yake nema, ya sami fili ya buga abin da ya ga dama.

Waɗanda suka ƙware har layukan suke kwaikwayo, don haka kada a tsaya nan. A bayan bulok, inda yake haɗuwa da giya, akwai lambar zubi da ranar zubi, waɗanda tare da ƙarfen aka zubo su, ba buga su aka yi ba. Lambar 3963512 ita ake sa ran gani, amma ita kaɗai ba hujja ba ce, domin an yi amfani da wannan zubin a wasu injunan ma. Kwanakin ne ke tona asiri. Dole ranar zubi ta riga ranar haɗa inji, ranar haɗa inji kuma ta riga makon da aka haɗa bodi, wanda ke rubuce a ƙaramin farantin ƙarfe da ke jikin bangon da ya raba inji da cikin mota. Injin da aka zuba ƙarfen bulok ɗinsa bayan motar ta bar kamfani ba nata ba ne, ko da me aka buga a gabansa.

Takardar da masana ke nema ita ce ta haɗa motar, wadda ma'aikata kan bari a kan tankin mai, ko ƙarƙashin kafet, ko cikin sifirin kujera. A cikinta ake ganin Z15, alamar SS 454, da LS6. Ita ma ana buga ta jabu, a shafa mata mai da datti ta yi kamar ta shekara hamsin. Kada ka yarda da hotonta. A kai wa wanda ya san irin takarda da rubutun kowace masana'anta, ka biya shi da kuɗinka, ba wanda mai motar ya kawo ba.

Sai maganar garambawul, wadda ta shafi kowace tsohuwar mota, ba Chevelle kaɗai ba. Fentin ruwan lemo na gwangwani a kan inji da sabuwar kafireta ba garambawul ba ne. Wanda ya sauke inji da gaske yana da rasit na wurin da aka gwada bulok ko ya tsage, aka buɗe silinda, galibi da 0.030 na inci, aka goge karanshaf, aka sa sababbin fistin da ringi da metal. Yana da hotunan injin a warwatse. Ka duba lungunan bulok, idan ka ga fenti a kan tsohon maiƙo da ƙura, ba a taɓa kwance shi ba. Ka ce sai a gabanka za a tayar da shi da sanyin safiya, ka taɓa shi da hannu kafin a murza makulli, domin ɗumama inji kafin mai saye ya iso tsohuwar dabara ce ta ɓoye shuɗin hayaƙi da ƙara. A gwada matsin silinda takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, a duba matsin baƙin mai bayan injin ya yi zafi sosai, tunda mai kauri yana rufe asiri na ɗan lokaci. LS6 ta gaske tana da ƙarar tafet 'yar siririya daga sama, haka aka ƙera ta, kuma da wannan wasu ke fakewa su ce maka bugun da kake ji daga ƙasa al'adar injin ce. Ba haka ba ne. Bodi kuma a bi shi da maganaɗisu ta bayan tayoyi da ƙasan ƙofofi, inda ya ƙi kamawa fila aka cusa a kan tsatsa.

Akwai kuma waɗanda ba su da motar kwata-kwata. Suna kwashe hotuna daga tsohon gwanjo, su buɗe shafi da sunan dillalin motoci, su ce akwai wani mai saye yana jira, ka tura kafin alƙalami ta banki yau-yau, har da wani kamfanin riƙon amana da na jigila waɗanda duk nasu ne. Ka nemi kiran bidiyo, ya tsaya kusa da motar, ya haska maka lambar shasi ta gilashin gaba da lambar inji a lokaci guda. Uzuri zai fara zuba. Idan kuma ya ce zai sauke maka ita a Legas ba wata matsala, ka tuna tsohuwar mota mai shekaru irin wannan tana cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su Najeriya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa a wannan sa'ar ya nemi a dakatar da su, domin kowane jinkiri yana rage damar dawowarsu. Ya adana saƙonni da hotunan tallan kafin a goge shafin, ya shigar da ƙara a IC3, sashen FBI mai karɓar koken damfarar intanet. Idan kuma motar tana hannunka ka gano an taɓa lambar shasinta, kada ka yi shiru ka tura wa wani. Sauya wannan lambar laifi ne a dokar tarayyar Amurka mai ɗaurin da ya kai shekara 5, sai ka kai rahoto ga 'yan sandan jihar da aka yi cinikin.