Gargaɗi ga masu motoci a Bauchi: a kula da 'yan damfarar fentin robar cikin mota

Assalamu alaikum jama'a. Wannan jan kunne ne daga masu sana'ar fentin mota, ga duk wanda fentin robar cikin motarsa ya fara ɓarewa, ko a kewayen rediyo, ko gindin giya, ko hannun ƙofa inda ake danna gilashi. Akwai wasu samari da ke zagaya wuraren wankin mota da bakin tasha, daga Wunti zuwa Yelwa da titin Jos, da jaka a kafaɗa da gwangwanayen feshi biyu ko uku. Wasu kuma a Facebook da TikTok suke talla, da bidiyon roba tana walƙiya. Bakinsu ɗaya: "Alhaji, ba ni awa guda kawai, in mayar maka da ita kamar yau ta iso daga Kwatano." Ba sa kwance komai, a inda motar take tsaye suke fesawa.

Wannan awa gudan ita ce ta tona su. Roba ba ƙarfe ba ce, kuma robar cikin mota ba iri ɗaya ba ce. In ka kwance kowace ka juya bayanta za ka ga hatimin masana'anta: >PP< ko >ABS< ko >PC+ABS<. Mai hatimin PP, wadda aka fi yin jikin ƙofa da ƙasan dashbod da ita, santsi gare ta, fenti ba ya kama ta sai an fara fesa mata faraimar roba, wani ruwa garai-garai marar launi. ABS kuwa, wadda ake yawan samu a kewayen rediyo da giya, tana karɓar fenti, amma tina mai ƙarfi, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, tana cin ta, ta yi laushi, ta tsattsage. Wanda bai kwance robar ba bai ga hatimin ba, don haka bai san abin da yake fesa wa fenti ba.

Abin da ke cikin jakar tasu yawanci fentin ƙarfe ne na gwangwani, irin wanda ake fesa wa ƙyaure da salansar babur. Suna fesa shi a kan datti da gumin hannu da man dashbod ɗin da masu wanki suka shekara suna gogawa. Man nan akwai silikon a cikinsa, kuma fenti ba ya zama a kan silikon. Shi ya sa in ka duba da kyau za ka ga 'yan ramuka kamar an tsira allura. Ranar farko sheƙi yana rufe aibin. Sai mota ta wuni a rana. A watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yana kusantar digiri 40, dashbod ɗin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 70. Roba ta buɗe da rana, ta tsuke da dare, fentin da bai kama ba ya tsage ya fara tashi. Inda a da ɓarewar ba ta fi farce ba, yanzu duk fuskar ta zama dabbare-dabbare.

Wasu ko fentin ba sa sayowa. Baƙin mai ne, ko man takalmi, ko man birki, a ɗura a kwalba marar takarda a ce "maganin Jamus" ne, har a sayar maka da ragowar. Robar da ta koɗe takan yi baƙi wuluk nan take, ba musu. Amma man birki fenti yake ci, in ya ɗiga kan roba mai launin azurfa sai ya tashe ta, sauran kuma ƙura suke kira, a hunturu kwana biyu ya isa, sannan su ɓata wa Hajiya mayafi. Akwai masu kara wa roba wuta da abin hura zafi har ta yi duhu. Fatar robar ce suka narkar, zanen jikinta ya shafe, bayan 'yan watanni ta koma fari fiye da da, ta yi gautsi.

Masu Golf 4 da Passat su ƙara kula. Robarsu tana da wani shafe mai laushi da yake narkewa ya yi danƙo idan ya tsufa. Dole a kankare shi tas har a kai ga robar asali, fentin da aka ɗora a kan danƙo ba ya bushewa. Dashbod ɗin Camry na 2007 zuwa 2011 da ke yin danƙo yana sheƙi kuwa, jikin kayan ne ya lalace, babu feshin da zai warkar da shi. Ko a sa masa marufi, ko a canja.

Damfarar da ta fi ciwo ita ce ta kafin alƙalami. Za a ce fentin na musamman ne, sai an yi odarsa daga Kano ko Legas, ka tura rabin kuɗi. Daga nan lamba ta daina shiga. Wani zai ɓalle robar da sukundireba ya ce zai kai shago, ya dawo maka da wata mai karyayyun maƙalai, taka mai lafiya ta tafi kasuwa. Maƙalan da suka karye sai a liƙe da sufagulu, wanda ke barin farin tabo, kuma ranar da mai gyaran rediyo zai buɗe wurin sai dai ya fasa.

Akwai kuma abin da ya wuce asarar kuɗi. Murfin jakar iska na tsakiyar sitiyari da na gaban fasinja an yi masa siririn layi ta ciki inda zai yage lokacin haɗari. Ba a cika shi da fila, ba a lafta masa fenti, ba a liƙe shi da gam. Saman dashbod kuma da gangan masana'anta suka yi shi marar sheƙi. In aka fesa masa mai walƙiya, hotonsa zai riƙa fitowa a gilashin gaba, da hantsi ko la'asar direba yana kan hanyar Ningi ko Alkaleri ya kasa ganin titi sosai. Madannan esi da na gilashi ma, alamun jikinsu fitila ce ke haskowa ta cikinsu da dare. An fesa musu fenti, shi ke nan sun makance.

Ga yadda aikin gaskiya yake, don ku gane shi in kun gani. Ana ɓalle robar da abin ɓallewa na roba. In aikin ya kusanci wayoyi masu kan rawaya, na jakar iska ke nan, a cire kan batir na nagatif a jira minti 3 zuwa 5. A wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da buroshi, a bari ta bushe, a goge da sifirit na kemis da farin tsumma har tsumman ya daina ɗauko datti. Ba fetur, ba kananzir, ba tina. Bakin wurin da ya ɓare a bi shi da samfefa mai lamba 400 har yatsa ya daina jin tudu, sannan a bi duk fuskar da 600 zuwa 800, a hankali, don a kashe sheƙi kawai. In robar mai zane ce, a taƙaita gugar, domin zanen da ya goge ba ya dawowa. A sake gogewa da sifirit.

Sai faraimar roba, shafi ɗaya ko biyu sirara, a jira abin da gwangwanin ya ce, yawanci minti 5 zuwa 10. In ɓarewar ta yi zurfi a ƙara faraima mai cikewa, ta bushe, a lallashe ta da 800. Fentin launi ana yin sa shafi 3 marasa kauri, hannu na nesa da robar kamar santimita 20 zuwa 25, minti 10 tsakanin shafi da shafi. Garaje a nan shi ke jawo fenti ya zubo ko ya yamutse. Robar azurfa da duk wurin da hannu ke yawan taɓawa suna son kiliya, wato fenti marar launi da ake ɗorawa a sama don kariya, shafi 2, marar sheƙi ko mai ɗan kaɗan. Duk wannan a inuwa, a ɗakin da aka yayyafa wa ruwa saboda ƙura, mai aikin da takunkumi a hanci. Ba a mayar da robar sai bayan awa 24, kuma a yi kamar mako guda ba a shafa mata komai ba. Kuma duk fuskar ake fesawa. Mai cewa zai ɗiga fenti a kan tabon kaɗai launi ya saje, musamman a azurfa, ya faɗa ne kawai.

Kafin ka ba kowa makulli, Malam, tambaye shi wace irin roba ce, kuma ka ce ya nuna maka gwangwanin faraimar roba da takardarsa a jiki. Ka ce ya gwada a wani ɓoyayyen yanki ko tsohuwar roba. Washegari ka tsaga 'yan layuka a gicciye da reza, ka manna salatif ka danne, ka fizge. In fenti ya biyo salatif, ka riƙe kuɗinka. Ka san garejinsa da ubangidansa, ka tambayi shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA na wurin ko sun san shi. Ka ɗauki hoton gaba da bayan kowace roba kafin ta bar hannunka, ka sa mata alama ta ciki. Ka kuma tambayi kuɗin ta Beljiyam wajen masu kayan gyara, don sau da yawa ƙaramar roba canja ta ya fi fentinta sauƙi.

Wanda aka riga aka yi wa, in mai aka shafa, a wanke da sabulun wanke-wanke sau biyu ko uku. In fenti ne, a kwance robar, a jiƙa tsumma da sifirit a ɗora, a kankare da tsohon katin waya, kada a kusanto da tina. In kuɗi ka tura, ka adana rasit da hirarku ta WhatsApp da hoton tallar, ka sanar da bankinka a ranar, sannan ka kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambar asusun da aka tura wa kuɗin.