jamovi da lissafin MANOVA: ya biya, amma da sauran rina a kaba

Ɗalibin aikin gona a Aliero ko Birnin Kebbi da ya zuba wa shinkafar FARO 44 takin yuriya mataki uku a fadama, ya auna tsayi da yawan toho da nauyin hatsi, MANOVA yake bukata, wato lissafin da ke gwada bambanci tsakanin rukunoni a kan awo da yawa a lokaci guda. In ya yi ANOVA (lissafin da ke duba awo ɗaya kawai) sau uku daban-daban, kowanne da iyakar p (lambar da ake yanke hukunci da ita) ta 0.05, damar ganin bambancin ƙarya na iya kaiwa kusan kashi 14 cikin ɗari.

jamovi, manhajar lissafin ƙididdiga, kyauta ne, ba ya neman intanet bayan an sauke shi, yana kuma buɗe fayil ɗin Excel da na SPSS. A ƙarƙashin ANOVA ake zaɓar MANCOVA, kada sunan ya ruɗe ka. Awo ukun su shiga Dependent Variables, matakin taki ya shiga Factors, teburin ya fito nan take da ma'aunai huɗu na gwada tasiri: Pillai, Wilks, Hotelling da Roy. Pillai ya fi jure wa bayanan gona marasa tsabta, shi za a fara dubawa. Akwai Box's M da Shapiro-Wilk, masu duba ko bayanan sun cika sharuɗɗan lissafin. Box's M mai saurin ƙorafi ne, shi ya sa masana da yawa ba sa tada hankali sai p ɗinsa ya sauka ƙasa da 0.001.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda ya rubuta “45kg” a cikin gurbi, manhajar za ta ɗauki layin a matsayin rubutu, ta ƙi karɓarsa. Wanda ya sa nauyin hatsin kowane fegi tare da nauyinsa a hekta ya sa abu ɗaya sau biyu, lissafin zai tsaya cak. Haka nan in fegin kowane rukuni bai fi yawan awon ba, Box's M ba zai lissafu ba: awo uku na son aƙalla fegi huɗu.

Babban gibin MANCOVA na jamovi, bayan ya ce taki ya yi tasiri, ba ya nuna wane mataki ya fi wane, ba ya kuma ba da girman tasirin. Sai an koma ANOVA awo ɗaya-ɗaya a nemi Tukey, gwajin da ke kwatanta matakan biyu-biyu. Ga aikin digirin farko ya wadatar. Mai gwajin da aka raba fegi gida-gida saboda gangaren fadama, gara ya nufi manhajar R tun da wuri.