Gado kyauta, aiki awa 40: sharhi kan gidajen farfaɗo da mashaya na Salvation Army a Amurka

Idan shaye-shaye ya raba mutum da aiki da iyali a Amurka har ya koma kwana a ƙarƙashin gada, ƙofofin da za su karɓe shi ba tare da an nemi kuɗi ko inshora ba ba su da yawa. Daga cikinsu akwai cibiyoyin farfaɗo da mashaya na ƙungiyar Salvation Army da ake kira ARC (Adult Rehabilitation Center) a taƙaice. Ƙungiyar ta Kirista ce, William Booth ya kafa ta a gabashin Landan a 1865, ta shigo Amurka a 1880. Yawancin gadajen cibiyoyin na maza ne.

Zaman na kwana 180 ne. Ana ba da wurin kwana, abinci sau uku, sutura, da zaman nasiha na ɗaiɗai da na rukuni, ba a karɓar ko sisi. Sharuɗɗan shiga: shekara 21 zuwa 65, katin Social Security (katin lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa), ƙarfin yin aikin awa takwas a rana, sannan a ranar zuwa za a sa mutum ya hura na'urar gwajin giya, a kuma yi masa gwajin ƙwaya. Wannan na ƙarshen shi ke mayar da mutane da yawa daga bakin ƙofa, kuma a nan ne ake yin kuskuren da zai iya kai wa ga rasa rai.

ARC ba asibiti ba ce. Wanda ya shekara yana kwankwaɗar barasa kullum, idan ya yanke ta farat ɗaya don ya ci gwaji, cikin awa shida zuwa 24 hannu zai fara karkarwa, gumi ya karyo. Tsakanin awa 12 zuwa 48 ana iya samun farfaɗiya, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma ruɗewar hankali mai tsanani, da zazzaɓi da gane-gane, wadda ke kisa idan babu likita. Haka abin yake ga masu haɗiyar ƙwayoyin barci irin su Valium da Xanax. Tsarin da ya dace shi ne a fara da sashen asibiti da ke sauke mutum daga maye a hankali, kwana uku zuwa bakwai, a riƙo takardar sallama, a buga wa cibiyar waya tun ana kwance don a san ko akwai gado. Kada a bar tazara tsakanin fitowa daga asibiti da shiga gidan. Dare ɗaya a titi ya isa ya rushe mako guda na wahala.

Kuɗin tafiyar da gidajen daga shagunan gwanjon ƙungiyar yake fitowa, kuma mazaunan ne ke aikin: ware tufafin da jama'a suka bayar, ratayawa, manna farashi, dakon kujeru da firji zuwa bayan babbar mota, wasu kuma a kicin. Awa 40 a mako. Ga wanda ya daɗe bai san safiya daga maraice ba, wannan yana da amfani na gaske. Tashi a kan lokaci, gyara shimfiɗa, cin abinci a zaune, gajiyar da ke kawo barci ba tare da kwalba ba, duk suna mayar da jiki kan saiti, kuma a ganinmu nan ne ƙarfin shirin yake. Sai dai ba albashi ake biya ba, ɗan ihsani ne na mako. A 2022 tsofaffin mazauna sun shigar da ƙara a kotunan tarayya na Illinois, Jojiya da New York, suna cewa aikin nasu aikin ma'aikata ne kuma ya cancanci mafi ƙarancin albashi. Ƙungiyar ta tsaya a kan cewa aikin ɓangare ne na jinya. Ko da wa mutum ya yarda, lissafin ɗaya ne: wata shida za su ƙare aljihu bai tara kuɗin kama ɗaki ba.

Halartar ibada a cocin gidan da darasin Littafi Mai Tsarki na cikin jadawali, ba ganin dama ba ne. Ba a sharɗanta sai Kirista ne zai shiga ba, amma Musulmin da iyalansa ke neman masa wuri a New York ko Chicago ya tambaya tun kafin ya sa hannu: za a bar shi ya fita Juma'a? Akwai inda zai shimfiɗa darduma a lokacin aiki? Yaya za a yi da abinci mai naman alade, da sahur idan azumi ya riske shi a ciki? Amsar tana bambanta daga gida zuwa gida, gwargwadon jami'in da ke riƙe da wurin. Mai karatu daga Arewa kada ya ɗauka gidan mari ne irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, aka fito da mutane a ɗaure da sarƙa. A nan ƙofa a buɗe take, wanda ya so tafiya zai ɗauki jakarsa ya fita.

Inda muka fi rage wa shirin maki shi ne batun masu shan hodar heroin, fentanyl da dangin tramadol. Magunguna biyu, methadone da buprenorphine, su ne aka tabbatar suna rage mutuwa a tsakanin irin waɗannan mutane, suna kashe ƙishirwar ƙwayar ba tare da sun bugar ba idan likita ya daidaita adadi. A 2021 an kai ƙungiyar ƙara a Massachusetts bisa zargin hana mazauna shan su. Duk wanda likita ya ɗora a kan ɗaya daga cikinsu ya nemi amsa ƙarara, a rubuce in da hali, kada ya yarda ya ajiye maganin don ya samu gado.

Dalili kuwa: bayan makonni babu ƙwaya, jiki yana manta juriyar da ya saba da ita. Adadin da mutum ke sha da, ya tashi ya kama hanya, yanzu shi ne zai tsayar masa da numfashi. Gidan kuma yana sallamar wanda gwaji ya nuna ya koma ruwa, wato ana iya fitar da mutum titi a daidai ranar da haɗarin ya fi yawa. Don haka ya zamana akwai Narcan, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka tsayar wa numfashi, a jakarsa da hannun iyalansa. Feshin hanci ne na miligiram huɗu, tun 2023 ake sayar da shi a kantin magani ba tare da takardar likita ba. A fesa a hanci ɗaya, a kira lambar gaggawa ta 911, idan bai farfaɗo cikin minti biyu zuwa uku ba a fesa sabo a ɗaya hancin.

Shirin fita kuma a fara shi tun wata na huɗu, kada a jira mako na ƙarshe: sabunta katin shaida, neman aiki, da samun wanda zai riƙa bibiyar mutum daga taron AA ko NA (ƙungiyoyin taimakon juna na masu barin giya da masu barin ƙwaya) na wajen gidan. Don masauki, gidajen Oxford House, da aka fara a Maryland a 1975, sun fi dacewa da mai fitowa daga ARC. Mazauna ne ke tafiyar da su da kansu, kowa na biyan kasonsa na haya duk mako, kuma sai kashi 80 cikin ɗari na 'yan gidan sun kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin a karɓi sabo. Wannan na nufin sai an je an zauna da su an gana, don haka a nemi izinin fita na ranar tun da wuri.